Ƙashi ya fito fari fat a hoto, amma ya karye kamar alli

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin hoton ƙashi a nan cikin Kano, kuma akwai wani hoto da har yau in na rufe ido ina ganinsa. Wani bawan Allah ne ɗan kasuwar Kwari, shekarunsa ba su wuce 30 da 'yan kai ba, saukowa kawai ya yi daga adaidaita sahu ƙafarsa ta gurɗe a bakin kwalbati, ko faɗuwar kirki bai yi ba, amma cinya ta karye gida biyu. Da na wanko fim ɗin na ɗora a kan fitila sai naga ƙashin cinyar fari fat tun daga sama har ƙasa, babu wannan duhun da muke gani a tsakiya inda ɓargo yake zama, ga karayar nan a miƙe sak kamar an samu alli an ɓalla. Yayansa da ya rako shi ya leƙo yace min, Malam ai wannan ƙashin ƙarfe ne, duba farinsa, anya ba hannu aka sa wa yaron nan ba? Nace masa Alhaji, farin nan da kake gani shi ne ciwon.

Abin da nake so in yi bayani a kai kenan, wato ciwon ostiyofetrosis da sauran abubuwan da ke sa ƙashi ya fito fari a hoto, saboda mutanenmu da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, sun ɗauka duk ƙashin da ya fito fari sosai a hoto to ƙaƙƙarfa ne. Hoton eksire ba ƙarfi yake aunawa ba, yawan sinadarin kalsiyam da ya tare hasken yake nunawa. Inda kalsiyam ya taru da yawa hasken baya wucewa sai wajen ya fito fari, inda iska ce kamar huhu sai ya fito baƙi. Shikenan. Ko kalsiyam ɗin a tsare yake ko a cakuɗe, wannan sai mai karanta hoton ya nema da kansa.

Ƙashi ba abu ne da aka gina aka gama ba, kullum cikin gyara yake har mutum ya mutu. Akwai ƙwayoyi iri biyu da suke wannan aikin, masu gini da masu kankara, likitoci suna ce musu ostiyobilas da ostiyokilas. A jikin babban mutum kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashinsa ake sabuntawa duk shekara. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a cikin badala ya san yadda ake yi kafin damina, magini baya zuwa ya yaɓa sabuwar ƙasa a kan tsohon yaɓen da ya tsattsage, sai ya kankare ruɓaɓɓen tukuna. To ka ɗauka a ce an samu gidan da ba a taɓa kankara, kullum sai dai a ƙara yaɓe a kan yaɓe ciki da waje, katanga za ta yi kauri kam amma tsagar da ke ciki tana nan ba ta je ko ina ba, ɗaki zai dinga matsewa har ya kai babu wajen shimfiɗa tabarma, taga ma ta dinga tsukewa har haske ya daina shigowa. Haka yake faruwa a jikin mai wannan ciwon. Ɗakin shi ne ramin ɓargo inda ake yin jini, tagogin kuma su ne 'yan ƙofofin da ke ƙoƙon kai inda jijiyar gani da ta ji suke bi.

Sunan ciwon ostiyofetrosis, wato ƙashin dutse. Wanda ya fara bayaninsa wani likitan hoto ne Bajamushe a birnin Hambog mai suna Albers-Schönberg, a 1904, shekara 9 kacal bayan Röntgen ya gano hasken eksire a 1895. Kaga kenan tun asali hoto ne ya tona ciwon, kafin nan babu wanda ya san da shi. Shi kansa likitan hasken ne ya yi ajalinsa a 1921, don a lokacin ba su san yadda ake kare jiki ba, duk ranar da na rataya rigar darma nakan tuna da irinsu.

Ciwon kashi biyu ne manya, kuma tsakaninsu akwai nisa sosai. Na manya, irin na ɗan Kwarin nan, daga uwa ko uba ɗaya ma ana iya gadonsa, yawanci matsalar a ƙwayar gado da ake kira CLCN7 take, ana ƙiyasta mutum 1 cikin 20,000. Wasu har su tsufa ba su sani ba, sai an je hoton ƙirji don neman aiki ko wani abu a gani. Wasu kuma karaya ce take kawo su, musamman ta saman cinya. A hotonsu akwai alamomi da in ka gani sau ɗaya ba ka ƙara mantawa. Ƙashin gadon baya kowane ɗaya sama fari ƙasa fari tsakiya duhu, kamar biredin mai shayi da aka tsaga aka zuba ƙwai a tsakiya. A ƙugu kuma za ka ga kamar an zana wani ƙaramin ƙashi a cikin babban, shi ake cewa ƙashi cikin ƙashi. Sannan ƙarshen dogayen ƙasusuwa wajen gwiwa maimakon ya tsuke a hankali sai ya buɗe kamar kan taɓarya, saboda masu kankarar da ya kamata su fere shi ba sa aiki.

Wahalarsu a tiyata take. Likitocin ƙashi, irin waɗanda ake samu a asibitin Dala, sun san ƙashin nan ko injin huda da ƙyar yake shigarsa, bakin injin yana zafi yana iya karyewa, kuma babu ramin ɓargo da za a zura ƙarfe cikin sauƙi, ga shi ya fi na kowa daɗewa kafin ya haɗe. Shi yasa nake jin tsoro in naji an kai irin wannan wajen mai ɗori, ba don raina sana'ar ba, akwai masu ɗori da suka gaji abin kuma suna taimako, amma shi mai ɗori da hannu yake ji, hannu kuwa ba zai gaya masa ƙashin nan alli ba ne, garin ja da murɗa ana iya ƙara wata karayar. Haƙori ma haka, mai wannan ciwon in aka cire masa haƙori ba tare da an sani ba muƙamuƙinsa na iya kamuwa da ciwon da zai yi ta ruwa wata da watanni, don jini baya zagaya ƙashin yadda ya kamata.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai na jarirai ne. Shi wannan sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, su lafiyarsu ƙalau ba abin da yake damunsu, amma duk cikin da aka samu akwai yiwuwar 1 cikin 4 ɗan ya fito da ciwon, lissafin dai irin na AS da AS da muka sani a sikila. Kusan rabin masu shi matsalar a ƙwayar gado ta TCIRG1 take. A duniya ana cewa haihuwa 1 cikin 250,000, amma ya fi yawa a inda ake auren zumunci, kuma mu nan mun san ɗan wa da 'yar ƙani ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ni ban ce auren zumunci laifi ne ba, ni kaina a gidanmu akwai shi, abin da nake cewa shi ne in a gida an rasa yaro ɗaya ko biyu da ciwo iri ɗaya tun suna goye, to a gaya wa likita, kar a ɓoye don kunya.

Matsalar ita ce yadda yaron yake zuwa. Yana zuwa da ƙarancin jini, ciki ya kumbura saboda saifa da hanta sun girma, su ne suke ƙoƙarin yin jinin da ɓargo ya kasa, ga yawan zazzaɓi, ga hanci a toshe kullum, baya ƙiba. To a Kano wa zai ga wannan bai ce maleriya ko sikila ba? Kuma ba laifinsa ba ne, ƙasar da kusan mutum 1 cikin 4 AS ne dole tunani ya fara zuwa can. Na taɓa ɗaukar wata yarinya 'yar wata 7 da aka turo don hoton ƙirji ana zaton nimoniya ce, uwar ta kwanto ta daga baya tana ce min an ƙara mata jini sau uku, an yi jinotayif an ce ba sikila ba ce, kakarta kuma tace shawara ce ana ta ba ta jiƙo. Ina gyara ta a kan tebur na lura idonta baya bin fitilar da ke samanta, sai rawa yake yi gefe da gefe. Da hoton ya fito huhun ba shi ne abin kallo ba, haƙarƙarin ne da ƙashin kafaɗa da na hannu duk fari tas kamar an shafa musu fenti. Na ɗauki fim ɗin da kaina na kai wa likitar, ban jira an bi layi ba.

Dalilin gaggawar shi ne ciwon yana da magani, kuma yadda aka gano maganin abin mamaki ne. Masu kankarar ƙashin nan ashe ba 'yan gidan ƙashi ba ne, daga ɓargo suke fitowa, dangin ƙwayoyin jini ne. Wani mai bincike a Amurka, Donald Walker, shi ya nuna haka a shekarun 1970 da ɓeraye, ya ba ɓeran da ke da ciwon ƙwayoyin ɓargo ko na saifar ɗan'uwansa mai lafiya sai ƙashin ya fara buɗewa. A 1980 likitoci a Minesota suka wallafa labarin wata jaririya da aka yi wa dashen ɓargo daga ɗan'uwanta kuma ya yi aiki. Har yau dashen ɓargo shi ne magani ga yawancinsu, in ba a yi ba mafi yawa ba sa kai shekara 10. Sai dai jijiyar gani in ta riga ta mutu dashe baya dawo da ita, shi yasa kowane wata yana da daraja. Akwai kuma wani nau'i ƙalilan da matsalar a sinadarin RANKL take, wanda maginan ƙashi ne suke samar da shi ba ƙwayoyin da ake dasawa ba, su dashe baya musu amfani, kaga gwajin ƙwayar gado ba ado ba ne, shi zai hana iyaye sayar da gida a kan aikin da ba zai yi ba. A Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Benin a 2011, don sikila, amma gaskiya kuɗin ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, kuma wannan yana min ciwo, ka gano abu da hoton kuɗi kaɗan amma maganin yana can inda hannu baya kaiwa. Duk da haka sanin sunan ciwon yana da amfani, ana daina yawon banza, ana daina zargin kishiya da maƙota, ana shiri kafin wani cikin.

Yanzu fa kar wani ya karanta wannan ya ɗauko tsohon fim ɗinsa ya ga fari ya tayar da hankalin gida. A cikin farin ƙashin da muke gani a Kano waɗannan na gadon su ne mafi ƙaranci. Na farko ma wani lokacin laifin injin ne ko na mai ɗauka, in hasken bai isa ba komai sai ya fito fari har tsoka, mai ido yana ganewa ya sake ɗauka. Sannan sikila ita kanta tana sa fari a ƙashi, inda jini ya toshe ƙashi ya mutu ya warke da tabo, musamman kan cinya da kan kafaɗa, gadon bayansu kuma yana lotsawa a tsakiya kamar harafin H. Dattijo mai shekara 60 ko 70 da ya zo da ciwon baya da matsalar fitsari aka ga fari-fari a ƙugu da gadon baya, wannan kansar furostet ake fara nema, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, a yi masa gwajin jini na PSA. Mai ciwon ƙoda da ya daɗe, irin masu zuwa wankin ƙoda, shi ma gadon bayansa yana yin ratsi-ratsi da zai iya kama da biredin da na faɗa, sai dai nasa gefen a dishe yake ba a yanke tsaf ba. Tsohon ciwon ƙashi mai ruwa shi ma yana barin kauri. Akwai na ruwan sha, inda fuloraid ya wuce miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, shekara da shekaru ana sha haƙora su yi ja, in abin ya yi yawa ƙashi ya yi fari har jijiyoyin jikinsa su sandare, an san yankunan Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe da yawan fuloraid a ruwan ƙasa. Ga kuma darma, wadda bamu manta abin da ta yi a Zamfara a 2010 ba, ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda yara sama da 400 suka rasu ta dalilin sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje, ita darma farin layi take bari a ƙarshen ƙashin yaro wajen gwiwa da wuyan hannu. Wani kwallin ma da ake sa wa jarirai akwai darma a cikinsa.

Shi yasa mai karanta hoto na kirki baya tsayawa a kan farin, tambaya yake yi. Shekarar mutumin nawa, farin ko ina ne ko waje ɗaya, dama da hagu iri ɗaya ne, a bangon ƙashin yake ko a tsakiya, akwai wani a gida mai irin haka. Takardar da aka rubuta ciwon ƙafa kawai aka turo ba shekara ba bayani wallahi tana ɗaure mana hannu.

Akwai wani guda da rashin saninsa yake jawo tashin hankali a banza, ostiyofoikilosis. Shi ɗige-ɗige ne farare ƙanana kamar jikin zabo, a taru kusa da gaɓoɓi, ƙugu, wuyan hannu, idon sawu, dama da hagu daidai. Yawanci baya ciwo, baya kisa baya buƙatar magani, gado ne kawai. Amma wanda bai taɓa gani ba yana iya cewa kansa ce ta bazu, a sa mutum ya fara rabon wasiyya. Abin da yake raba gardama shi ne hoton da ake yi bayan an yi allurar wani sinadari mai haske da ke bin inda ƙashi yake aiki da sauri, kansa tana kamawa ta haska, ɗigon zabo yawanci shiru. In babu wannan injin a kusa, tsohon fim na shekara biyar baya da ya nuna ɗigon suna nan yadda suke ya isa hujja. Don Allah a daina barin fim a ƙarƙashin katifa zafi ya narkar da shi, ko a ba yara su yi wasa.

Wani kuma meloriyostosis, wanda Léri da Joanny suka bayyana a Faransa a 1922, shi a gefe ɗaya na ƙashi yake gangarowa kamar kyandir ya narke ya daskare, yawanci hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, yana ciwo yana sandarar da gaɓa. An daɗe ana mamakin me yasa baya bin dangi, sai a 2018 masu bincike suka gano canji a ƙwayar gado ta MAP2K1 a cikin ƙashin da ya kamu, a ƙashin da bai kamu ba kuma babu, wato bayan an ɗauki cikin mutum abin ya faru, 'ya'yansa ba za su gada ba. Sai fiknodisostosis da Maroteaux da Lamy suka sa wa suna a 1962, masu shi gajeru ne, maɗigarsu bata rufewa har su girma, kan yatsunsu a hoto kamar an gutsire, a 1996 aka gano sinadarin katefsin K, wanda masu kankara suke aiki da shi, shi ne ba su da shi.

CT da MRI, manyan injinan hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka, suna da wajensu amma ba su ne farko ba. CT shi yake nuna yadda tagar jijiyar gani da ta kunne ta tsuke, MRI kuma ya nuna ɓargon da ya rage da halin da jijiyar take ciki. Amma gano ciwon kansa, eksire na yau da kullum na ƙoƙon kai, gadon baya, ƙugu, hannu da gwiwa ya wadatar a mafi yawan lokuta, kuma wannan akwai shi daga asibitin Murtala har na Malam Aminu Kano har ƙananan wurare a unguwanni. Ina faɗa ne don naga iyaye suna cin bashi su yi MRI alhali hoton ƙirjin da ke cikin ledarsu ya riga ya faɗi komai.

Wani abu da ya burge ni a binciken nan, akwai nau'in da farin da gaske ƙarfi ne. A Afirka ta Kudu cikin Turawan Afirkana akwai masu ciwon sikilerostiyosis, a Holan kuma a garin masunta na Urk akwai mai kama da shi da ake kira ciwon Van Buchem. Su masu kankararsu lafiya lau, maginan ne babu mai ce musu ya isa, don haka ƙashinsu da wuya ya karye, amma ƙoƙon kai yana kauri ya danne jijiyar fuska da ta ji, wani har ƙwaƙwalwa. A 2001 aka gano sinadarin da suka rasa, aka sa masa suna sikilerostin, shi ne birkin maginan. Sai masana suka ce to in muka ɗan saki birkin nan na ɗan lokaci a jikin tsohuwar da ƙashinta ya zaizaye fa? Daga nan aka samu allurar romosozumab da aka amince da ita a 2019. Ba kullum ake dacewa ba, an gwada irin wannan dabarar da katefsin K, kamfanin Merck ya yi shekaru a kan maganin odanacatib amma ya ajiye shi a 2016 saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Ɗan Kwarin nan an yi masa aiki an sa masa ƙarfe ta gefe, ya daɗe da sanda fiye da yadda aka saba. Likitan ya ce a kawo 'yan uwansa a duba, da farko yayan ya ƙi, yace shi ko ciwon kai baya yi. Bayan kamar wata biyu sai ga shi da yamma dab da tashinmu, ya zo shi kaɗai da takarda a aljihun gaba, yace Malam ɗauke ni nima, na tuna mahaifinmu sau uku yana karyewa kuma duk a cikin gida. Na kwantar da shi ta gefe na ɗauki gadon bayansa, da na ɗora a fitila sai ga su nan a jere, sama fari ƙasa fari tsakiya duhu. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ranar da zai iya kawo yaransa guda huɗu.